BTR-80 a ma'aunin 1/35 ko 1/72?

Motar sulke ta BTR-80 mai taya takwas, ƙirar Tarayyar Sobiyet, tsawonta ya kusa mita 7.7. Ƙaramin samfurinta na roba a ma'aunin 1/35, wato kashi ɗaya cikin 35 na tsawonta, yakan kai santimita 22. A 1/72 kuwa bai wuce 11 ba, tafin hannu ya ishe shi.

Ni dai 1/35 ne nawa. Nan zanen taya ke fitowa, da ƙofar gefe da ke tsakanin taya ta biyu da ta uku, ka shafa jar ƙasa a ƙarƙashin motar ta zauna daram. Sai dai akwai cin kuɗi da fenti.

Ƙaramin ya fi araha, ba ya cin wuri. Amma fitilarsa kamar ƙwayar gero take, in ta suɓuce daga hantsaki sai haƙuri.