Thunderbird wajen saita imel da hannu: inda yake gamsarwa da inda yake wahalarwa

Thunderbird manhajar imel ce ta Mozilla, kyauta ce, kuma ga mai adireshin Gmail ko Outlook.com yawanci da kanta take gano saitin. Ƙarfinta yana fitowa ne idan adireshin na kamfani ne mai sunan yankinsa, inda takan yi ta lalube, ta gwada imap. ko mail. a gaban sunan, ta kasa. Nan maɓallin Configure manually yake buɗe komai a shafi ɗaya: saba (kwamfutar da ke karɓa da aika imel), lambar ƙofa (port), nau'in tsaro da hanyar tantancewa. Wannan shafi shi ne dalilin da ya sa ta cancanci a ba da shawararta.

Mafi yawan matsala daga rashin daidaita ƙofa da tsaro take. IMAP da POP3 hanyoyin karɓar saƙo ne, SSL/TLS da STARTTLS kuma nau'ikan tsaro. IMAP a 993 yana tafiya da SSL/TLS, a 143 kuwa da STARTTLS. POP3 a 995 ne. Wajen aikawa, 465 na SSL/TLS ne, 587 na STARTTLS. Wanda ya haɗa 587 da SSL/TLS saƙonsa ba zai fita ba. Ƙofa ta 25 a bar ta, kamfanonin intanet da dama sun toshe ta saboda saƙonnin banza. Sunan shiga kuma a rubuta cikakken adireshi, har da abin da ke bayan @.

Rauninta saƙon kuskure ne. Sau da yawa sai ta ce a duba suna da kalmar sirri, alhali kalmar daidai take. Tun 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirri zalla daga manhajoji irin wannan, Outlook.com ma ya bi sahu a Satumbar 2024. Maganin shi ne a zaɓi OAuth2 (shiga ta shafin Google ko Outlook.com kai tsaye) a matsayin hanyar tantancewa, sannan a tabbatar an bar kukis (cookies) a buɗe cikin saitin sirri na manhajar, in ba haka ba tagar shiga ba za ta kammala ba. Ya kamata a ce manhajar ta faɗi haka ƙarara.

Gargaɗin satifiket (shaidar tsaro ta saba) yana da tushe biyu da aka fi gani. Ko dai satifiket ɗin na sunan sabar kamfanin da ke ajiye shafinka na intanet ne, ba na mail. da sunan yankinka ba, sai a sa sunan da suka bayar a cPanel, wato shafin sarrafa asusunka a wurinsu. Ko kuma agogon kwamfuta ya kauce, abin da ke yawan faruwa a tsofaffin kwamfutoci da batirinsu na CR2032 ya mutu. Kada a yi gaggawar danna amincewa kafin a duba waɗannan biyun.

Idan saƙo yana shigowa amma ba ya fita, a leƙa Account Settings. Thunderbird tana ajiye sabobin aikawa a jeri na daban can ƙasa, kuma asusun imel na biyu yana iya ɗaukar sabar na farko. A zaɓar masa tasa, a aika wa kai saƙon gwaji.