Kafin ka sayi wuƙa, dubi ƙotarta: wacce ce ba ta santsi in hannu ya jiƙe?

Yawancin masu sayen wuƙa kaifi kawai suke dubawa. Mutum ya shafa bakinta da babban yatsa, ya damƙi ƙotar sau ɗaya da busasshen hannu, ya biya kuɗi. Alhali wuƙar aiki ba kasafai take haɗuwa da busasshen hannu ba. Mai fiɗar rago ranar layya hannunsa duk jini ne da kitse, mai gyaran tarwaɗa yana fama da yauƙi, uwargida kuwa daga yankan kuɓewa take komawa kan albasa. Wuƙar da ta dakushe ana wasa ta, amma ƙota mai santsi tana nan da halinta har ranar da za ta yanki mai ita.

Laima iri-iri ce. 'Yar danshi kaɗan ƙara riƙo take yi, shi ya sa manomi ke tofa yawu a tafin hannu kafin ya kama fartanya, kuma shi ya sa a tsakiyar hunturu, in fata ta bushe ƙamas, ƙota mai sheƙi ke zamewa ko babu ɗigon ruwa. In ruwan ya yi yawa sai ya shiga tsakanin fata da ƙota, a nan ne kaushi ke amfani, don yana ba ruwan hanyar fita. Maiƙo kuwa ya fi su duka sharri, saboda cike ramukan kaushin yake yi ya zauna.

Ƙotar itace irin wadda maƙeranmu ke sa wa wuƙa, mutane na raina ta, ni kuwa ban ga abin raini ba muddin ba a shafe ta da fenti mai ƙyalli ba. Tsuran itace yana shan ruwan da ke hannu, jikinsa ya ɗan yi kaushi, riƙo ya ƙaru. Ko a Japan, wuƙaƙen gargajiya na yankan kifi da tsuran itace ake yi musu ƙota. Aibinsa shi ne ba ya zama wuri ɗaya: ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, daga nan sai tsagewa, ƙarfen ya fara girgiɗa, jini ya maƙale a tsagar ya yi wari. Wuƙar aljihu ta Opinel, wadda ake ƙerawa a Faransa tun 1890, an san ta da wannan hali: in ƙotarta ta sha ruwa, buɗe ta ma sai da dabara. Ƙaho da ƙashi kuwa ado ne. Suna da kyan gani, amma da kitse ya taɓa su shi ke nan.

Wanda aikinsa nama ne ko kifi, roba mai ɗan taushi da ƙananan ƙuraje a jiki ita ce ta fi dacewa da shi. Irinta ce a ƙotar Fibrox ta kamfanin Victorinox na Suwizalan, da ta wasu wuƙaƙen Morakniv na Suwidin. Tana ɗan lotsawa a ƙarƙashin yatsu, ba ta shan jini, ana wanke ta tas da ruwan zafi da sabulu. Sai dai ba ta shiri da bakin murhu, kuma mai arha, in ta sha rana da mai, takan zama danƙo ta riƙa manne wa hannu. Akwai kuma roba mai tauri, kamar farar ƙotar wuƙaƙen mahauta na Tramontina na ƙasar Brazil. Tana da ɗan kaushi, tana jure wahala, ko da yake ba ta kai mai taushin kama hannu ba. Baƙar ƙotar nan mai sulɓi da ƙusoshi uku da ake gani a wuƙaƙen girki na Turai tana da daɗin riƙo in hannu a bushe yake, amma ba ita zan ba mai yanka kitse ba.

Masu odar wuƙar farauta ko ta aljihu ta intanet za su yi ta cin karo da sunaye biyu, G10 da Micarta, kuma masu talla kan haɗa su kamar abu ɗaya ne. G10 saƙar zaren gilashi ce da aka jera hawa-hawa aka matse da gam mai ƙarfi. Ba ta shan ruwa, ba ta kumbura, saboda haka duk riƙon da za ta ba ka daga zanen da aka sassaƙa a jikinta yake fitowa. In an goge ta ta yi sumul, santsinta a jiƙe ba kaɗan ba ne. In kuma an cika mata kaushi, ta riƙe ka gam, amma ka yi awa guda kana fiɗa ka ga bororo a tafin hannu, ta kuma cinye bakin aljihun wando. Micarta kuwa, wadda kamfanin Westinghouse na Amurka ya fara yi fiye da shekara 100 da suka wuce don kayan lantarki, da yadi ko takarda ake yin ta, a matse su da gam kamar G10. Wadda aka yi da yadi mai kauri irin na tanti, in ba a goge ta ta yi sheƙi ba, zaren da ke samanta yana jiƙewa ya ƙara kama hannu, ba tare da ya karce fata ba. Tana shan maiƙo a sama ta yi duhu, sabulu da buroshi su mayar da ita yadda take. In kuɗin ɗaya ne, kuma aikin na jiƙaƙƙen hannu ne mai ɗaukar lokaci, Micarta zan ɗauka. Wadda aka yi da takarda ba ta cikin wannan yabo, sumul take.

Ƙotar ƙarfe zalla ta fi kowacce sauƙin tsabta. Wuƙaƙen Global na Japan, da suka fito a 1985, an yi musu ƙananan ramuka a jikin ƙota don rage santsi, duk da haka masu girki da yawa na kuka da su in hannu ya yi mai. Balle kwaikwayonsu masu arha da ko ramukan babu.

Duk da wannan bayani, siffar ƙota ta fi abin da aka yi ta da shi muhimmanci in maiƙo ya shigo. A duba ko akwai tudu ko lanƙwasa a gaba da zai tare manuniya kada ta zarce kan kaifi lokacin da tsinin wuƙa ya daki ƙashi. Ƙota mai zagaye sosai juyawa take yi a hannu, mai ɗan faɗi ta fi zama. Siririya kuma tana sa a matse hannu fiye da kima, a gaji da wuri. Mahautan da ke naɗe ƙota da robar cikin tayar keke sun gano maganin santsi da kauri a lokaci guda, sai dai jini na shiga ƙarƙashin naɗin, dole a riƙa warwarewa ana wankewa.

A kasuwa, ka nemi izinin mai kaya, ka jiƙa hannu da ruwan leda, ka riƙe wuƙar tana cikin kubenta ko kwalinta. Ka murɗa ƙotar ka ji ko tana juyawa, ka dafa bayan ruwan wuƙar da ɗaya hannun ka ji ko ƙarfen na motsi. In don nama kake saye, ka ɗan shafa basilin a tafin hannu ka sake gwadawa, sannan ka goge wa mutum kayansa kafin ku shiga ciniki.