Yaya, ga abin da na samu kyauta a Landan

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kowa lafiya, a gaishe min da Inna sosai.

Ka tambaya ko a garin nan akwai abin da ba a sa masa kuɗi ba. Akwai, British Museum, babban gidan tarihinsu da aka buɗe tun 1759. Ko sisi ba a karɓa a ƙofa, sai baje kolin musamman kaɗai ake biya. Jaka dai za su duba.

Zuwana na farko ban yi dabara ba, ranar Asabar da tsakar rana na je. Wajen Dutsen Rosetta, wanda sojojin Faransa suka tono a Masar a 1799 har aka gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunoni, cunkoson ya fi na Kantin Kwari ana jajiberin sallah. Ƙeyar mutane na gani da wayoyi a sama, na juyo gida.

Wani maƙwabcina ne ya ba ni sirrin. A yanki tikitin kyauta ta intanet, a zo ranar Juma'a, domin ranar sai ƙarfe 8:30 na dare suke rufewa, kuma a shiga ta ƙofar baya da ke titin Montague Place. Haka na yi bayan la'asar. Na tsaya gaban dutsen nan har na gaji don kaina.

Inda na daɗe shi ne ɗaki na 25 a ƙasa, sashen Afirka. Can kayan tagulla na masarautar Benin ta Najeriya suke, waɗanda sojojin Ingila suka kwasa a 1897. An jera su reras, ga haske, ga tsafta, mu huɗu ne kacal a wurin. Wallahi Yaya sai na rasa ko daɗi nake ji ko takaici. Jamus ta fara mayar wa Najeriya nata tun 2022, waɗannan kuwa suna nan.

Wajen adana kaya sun fi mu, ba gardama. Amma na tuna Gidan Makama, yadda dattijo zai bi ka ɗaki-ɗaki yana ba ka labarin Sarki Rumfa kamar a gabansa aka yi. A nan ba mai ce maka uffan, sai ka karanta allo da kanka.

Shayinsu kuma a kofin takarda, ba kauri, ga tsada. Yanzu da fulas ɗina nake tafiya. In an samu mai zuwa, a ƙullo min kayan shayi da yaji.