Zoɓo Zalla Ko Haɗi Da Kiranberi?

Ana yawan tambayata wanne ya fi dacewa a dafa a gida. Zoɓo namu ne, a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada za ki samu busasshe da araha. Ki zuba masa tafasasshen ruwa, ki jefa citta da kanumfari, nan take ya yi jajir. Kiranberi kuwa, wato wani ƙaramin jan ɗan itace mai tsami, daga Amurka da Kanada ake kawo shi, sai manyan kantuna, ga tsada, kuma busasshen yakan zo da sukari. Sai ya ɗan dahu kafin ya saki ɗanɗanonsa, amma haɗin akwai daɗi.

Mai sha kullum, ko mai gudun sukari, zalla ya ishe ta. Mai hali da ke son burge baƙi, ta haɗa.