Bitar ƙa'idar Contributor Covenant bayan shekara guda a Sakkwato

Shekara guda ke nan da ƙungiyarmu ta masu rubuta manhaja a Sakkwato ta ɗauki Contributor Covenant a matsayin ƙa'idar zamantakewa a aikinmu na manhajar da kowa ke da izinin dubawa da gyarawa. Coraline Ada Ehmke ce ta rubuta ta a 2014, kuma masu kula da Linux, wata shahararriyar manhajar tafiyar da kwamfuta, sun karɓe ta a 2018.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda hukuncinta ke tafiya daki-daki, daga jan kunne a keɓe har zuwa korar dindindin. Na ga amfanin haka ranar da wata ɗaliba ta turo gyaranta na farko, wani ya amsa mata cewa ta koma madafa. Ta kai ƙara a asirce, aka goge maganar, aka rubuta masa gargaɗi, kuma har yau tana turo aiki, alhali a da kunya kan sa irinta su janye shiru.

Sai dai ƙa'idar ta bar wa ƙungiya zaɓen mai karɓar ƙara, kuma a wurinmu da wuya yaro ya kai ƙarar babba, shi ya sa muka naɗa mutum biyu, mace da namiji.