Selenium, Cypress ko Playwright: wanne ya dace da manhajar da ke karɓar MoMo?

Dukkan ukun kayan gwada manhaja ne da ke danne-danne a burauza a madadin mutum, don a ga ko tana aiki daidai. Kyauta ake sauke su, don haka ba farashi za a fara dubawa ba. Mai gina manhaja a Akara ya fara tambayar kansa: ina mai saye yake zuwa idan ya danna maɓallin biya? Shagunan intanet da yawa a nan suna miƙa shi ga kamfanin biyan kuɗi irin Paystack ko Hubtel, wato wani adireshi daban, wani lokacin ma a sabon shafi. A nan kayan gwajin suke rabuwa.

Cypress cikin burauza yake zaune tare da manhajar, shi ya sa ake ganin kowane mataki ƙarara. Sai dai bai iya riƙe shafi biyu lokaci guda, kuma tsallakawa wani adireshi sai an sa matakan cikin umarninsa mai suna cy.origin. Daƙiƙa 4 kawai yake jira kafin ya ce umarni ya gaza. Ranar da layi ke jan ƙafa gwaji zai faɗi alhali manhajar lafiyarta ƙalau, sai an ƙara defaultCommandTimeout, wato saitin tsawon wannan jiran. In aiki ya girma har aka koma Cypress Cloud, hidimar kamfanin ta intanet mai adana sakamakon gwaji, da dala ake biya, ba sidi ba.

Playwright, wanda Microsoft ta fitar a 2020, shi muke zaɓa wa sabon aiki. Yana bin mai saye zuwa sabon shafi, yana jiran maɓalli ya bayyana kafin ya danna, yana kuma raba gwaje-gwaje tsakanin injina ba tare da biyan ko pesewa ba. Abin lura shi ne data: umarnin npx playwright install yana jawo burauza uku, Chromium da Firefox da WebKit, ɗaruruwan megabait. A rubuta chromium a ƙarshen umarnin ya sauke ɗaya kaɗai. A kuma kunna trace, mai adana kowane matakin gwaji, don in gwaji ya faɗi cikin dare a ga inda ya tsaya.

Selenium tun 2004 yake. In kuna da tarin gwaji a Java, ku zauna a kansa. Daga sigar 4.6 shi ke nemo direban burauza, wato manhajar da yake sarrafa burauzar da ita, da kansa. Ku dai bar Thread.sleep mai jiran ƙayyadadden lokaci, ku yi amfani da WebDriverWait mai jira har abin da ake nema ya bayyana.

Babu ɗayansu da zai shigar da lambar sirrin MoMo, domin a wayar mai saye take fitowa. A yi gwajin da makullan gwaji na kamfanin biyan kuɗin, sannan kafin sakin sabuwar siga wani ya biya sidi ɗaya da ainihin wayar Android.