GARGAƊI: Mai sayar da lambobin yaƙin Bama na jabu a Kumasi

Jama'ar zango, sidi 3,200 wannan bawan Allah ya ci mini. Sidi 3,200! Har yanzu hannuna rawa yake.

Kakana sojan Gold Coast Regiment ne, yana cikin waɗanda aka kai yaƙin Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Mun tashi muna jin labarin Myohaung, garin da suka ƙwace daga hannun Japanawa a watan Janairu 1945, wanda har bariki aka sa wa sunansa a Takoradi. Lambobin yabon kakan nawa sun ɓace tun muna yara. Sai ga mutum a Facebook yana cewa shi aikinsa nemo wa iyalan mazan jiya kayan kakanninsu.

Kada wanda ya ce mini kwaɗayi ne ko rashin wayo. Mutumin nan ya san runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma, ya san kwarin Kaladan inda suka yi yaƙi, ya ce mini da Hausa hafsoshin Turawa suke magana da sojojinmu, kuma gaskiya ne. "Alhaji, amanar kakanka ce, ba ciniki muke ba." Haka ya ce. Ya dafa ƙirji ya ce amana. Wa zai ji haka ya yi zargi?

Na tura 1,200 ta waya, wai kuɗin fito da takardar sallama daga Landan. A'a, kafin nan ma mun haɗu a Kejetia na ba shi 2,000 hannu da hannu, ranar da ya ajiye mini Burma Star, lambar yaƙin Bama mai siffar tauraro, a tafin hannu, da sunan kakana a zane a bayanta. Hawaye na yi a tsakiyar kasuwa, a gabansa. 2,000 da 1,200. Wannan hawayen ya fi kuɗin ci mini rai.

Wani dattijo a Aboabo, ɗan tsohon soja, na kai wa don ya taya ni murna. Ya juya ta kawai, ya ɗauko ta babansa ya ajiye kusa da ita. Bayanta sumul. Ya ce Ingila ba ta zana suna a taurarin Yaƙin Duniya na Biyu ba, haka aka raba su. Tawa kuwa zanen sabo fil, ƙarfen ba nauyi. Sunan ma ni na faɗa wa macucin da bakina tun a hirar farko, shi ya kai aka zana.

Takardar da ya turo daga baya an rubuta Ghana a kanta, shekarar 1946. Ina aka samu Ghana kafin 1957? Lokacin kuɗi sun riga sun tafi, wayarsa a kashe.

Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duk suna nan, zan sa su anjima. In an ce an samo muku lambar kaka, ku kai gidan tarihin soja na Kumasi Fort ku gwada da na can kafin ku ba da ko sisi.

Sidi 3,200, kuma har na riga na gaya wa tsohuwata an samu.